Yadda Ake Amfani da Motsa Jiki Wajen Taimaka wa Yaro Mai Lalurar ADHD

A kusan kowane aji akwai yaron da malamai ke haddace sunansa tun makon farko. Ba ya gama aiki, ba ya jiran layi, kafin a ƙarasa tambaya ya yi caraf ya amsa, fensirinsa kuwa kullum a ɓace yake. A gida a aike shi sayo gishiri ya dawo da ashana, ko ya dawo hannu Rabbana saboda ya tsaya kallon masu gyaran babur. A ce masa mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi. Wasu daga cikin irin waɗannan yara ƙuruciya ce kawai ke ɗibarsu, za ta wuce. Wasu kuwa suna ɗauke da lalurar da likitoci ke kira ADHD: wahalar tattara hankali wuri ɗaya, yawan motsi, da aikata abu kafin a yi tunani. Ƙiyasin da aka fi dogara da shi ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 a duniya na da ita, kuma an fi gano ta a maza. 'Yan mata sau da yawa tasu shiru take zuwa: yarinya na zaune a aji, hankalinta yana wani gari.

Motsa jiki yana taimaka wa yaran nan. Sai dai natsuwar da yake kawowa ta ɗan lokaci ce, ba ta kwana, sau da yawa ma ba ta kai yamma. Saboda haka lokacin da aka yi motsin ya kusan fin yawansa muhimmanci. Yaron da ya yi guje-guje tun daga la'asar har magariba ya motsa jiki ƙwarai, amma wannan ba zai taimake shi a darasin lissafi na ƙarfe tara na safiyar gobe ba kamar yadda minti ashirin kafin shiga aji za su taimaka. Ƙa'idar da duk matakan nan suka ginu a kai ke nan: motsi ya zo gab da lokacin da ake son yaro ya zauna.

Dalilin kuwa yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai sinadarai guda biyu, dofamin da norefinefirin, da ke taimaka wa sashen gaba na ƙwaƙwalwa wajen riƙe hankali da danne abin da zuciya ta raya nan take. Magungunan da aka fi bayarwa a wannan lalura, irin su Ritalin, a kan waɗannan sinadarai suke aiki. Gudu da tsalle su ma suna ɗaga su, amma kaɗan, kuma na ɗan lokaci. Wannan ne ya sa likitoci ke ɗaukar motsa jiki a matsayin mataimaki, ba madadin magani ko horar da iyaye kan tafiyar da ɗabi'ar yaro ba.

Mataki na farko: a tabbatar da abin da ke damun yaron

Ba a gane ADHD da kallo ɗaya, kuma ba maƙwabta ke yanke hukunci ba. Likita zai duba ko alamomin sun bayyana tun kafin shekara 12, ko sun ɗauki aƙalla wata shida, ko ana ganinsu a wuri biyu ko fiye (gida da makaranta, misali), da kuma ko suna hana yaron karatu ko zama lafiya da mutane. Zai kuma duba wasu abubuwan da ke kama da ita: rashin isasshen barci, matsalar ji ko gani, ƙarancin jini, yunwa, tashin hankali a gida, gubar dalma a yankunan da ake haƙar zinare, da wani nau'in farfaɗiya da ke sa yaro ya yi tsit na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon sarari.

Likitan yara ne wurin farawa. Idan ana buƙatar ƙwararre, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin ɗanku ya haukace. A wannan ziyara ku tambayi likita ƙarara ko akwai abin da zai hana yaron gudu sosai, musamman idan yana da sikila, asma, farfaɗiya, ko ya taɓa suma ko ciwon ƙirji yana cikin wasa.

Mataki na biyu: mako guda na lura

Kafin a canza komai, a samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta lokutan da abin ya fi tsananta. Layi ɗaya ya isa: "Litinin, shirin makaranta, rigima." "Talata, jinga bayan magariba, kuka." A tambayi malamin boko da na Islamiyya wane lokaci ne ya fi gagara. Bayan mako guda za ku ga yawanci wurare biyu ko uku ne suke maimaituwa. Su za a tunkara.

Mataki na uku: a sa motsi a gaban waɗannan lokutan

Nan ne ainihin aikin yake.

A 2013 Matthew Pontifex da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa wani bincike da suka yi da yara 40 masu shekara 8 zuwa 10, rabinsu masu ADHD. Wata rana yaran suka yi minti 20 suna tafiya da sauri a kan na'urar tafiya, wata ranar kuma suka zauna suna karatu na minti 20. Bayan kowanne sai a gwada su. Ranar da suka motsa jiki sun fi iya kauce wa abin da ke ɗauke hankali, sun kuma fi ƙoƙari a gwajin karatu da lissafi. Bayan shekara biyu, a 2015, Betsy Hoza ta Jami'ar Vermont da abokan aikinta suka fitar da nasu binciken kan ƙananan yara kimanin 200. Wasu suna yin wasannin guje-guje na kusan rabin sa'a kafin a shiga aji, wasu suna zaune suna aikin zane, har tsawon mako 12. Iyayen waɗanda suka yi guje-gujen sun fi ba da rahoton raguwar shashanci da saurin fushi a gida. Binciken ba su ce lalurar ta warke ba. Sun nuna sauƙi ne, kuma sauƙin yana biyo bayan motsin.

Ga yadda za a shigar da wannan cikin ranar yaro mai zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma.

Da safe. Bayan sallar asuba da karin kumallo, minti 15 zuwa 20 na motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. Idan makaranta ba ta da nisa kuma hanyar ba ta da haɗari, tafiya a ƙafa da sauri tare da babba ita ce mafi sauƙi, ba ta cin ko kwabo. Idan a babur ko a-daidaita-sahu ake kai shi, a sauka da ɗan tazara a ƙarasa da ƙafa, ko a isa da wuri ya zagaya filin makaranta kafin a buga ƙararrawa. Idan duk ba hali, tsallen igiya a tsakar gida ya wadatar: tsalle hamsin, a huta, a sake.

Kafin Islamiyya ko makarantar allo. Yaron da ya wuni a kan benci, ya dawo ya ci abinci, aka tura shi ya sake zama a kan tabarma yana hadda, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Minti goma na wasa kafin ya fita, bayan abincin ya ɗan faɗa masa, yana rage wa malam aiki. Da zafin rana a yi shi a inuwa.

Kafin jinga. Kada a ce "gama aikinka sannan ka fita wasa." Ga yawancin yara wannan tsari yana da kyau, ga wannan yaron kuwa a juye yake. Ya fita ya yi minti 20, ya dawo ya sha ruwa, ya wanke fuska, ya zauna nan take. Kada a bar tazara, kada waya ko talabijin su shiga tsakani, in ba haka ba natsuwar can za ta tafi.

A cikin aikin kansa. A yanka zaman gunduwa-gunduwa: minti 10 zuwa 15 na rubutu, sai minti biyu ko uku na motsi, sai a koma. Tsalle ashirin, zagaye tsakar gida sau uku, ko kai bokiti bakin rijiya ya dawo. Idan yana hadda, a bar shi ya riƙa kai da komo yana karantawa. Da yawa daga cikin yaran nan sun fi riƙe karatu a tsaye.

Mataki na huɗu: yawan motsi da ƙarfinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a rana na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi, sannan aƙalla kwana uku a mako a haɗa da motsi mai tsanani da wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, irin su tsalle da hawa da turawa. Wannan na dukan yara ne. Ba dole minti sittin ɗin su zo a dunƙule ba; ashirin da safe, goma da rana, talatin da yamma sun cika lissafi.

Gane ƙarfin motsin ba ya buƙatar na'ura. Idan yaro yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, motsin matsakaici ne. Idan kalma biyu-uku kawai yake iya furtawa kafin ya ja numfashi, ya yi ƙarfi. Wanda bai saba ba a fara masa da minti goma, a riƙa ƙarawa mako-mako.

Wani zai ce, ai yaron nan wuni yake yana tsalle-tsalle, wane motsa jiki kuma yake nema? Mutsu-mutsu a kan kujera da hawa katanga da taɓe-taɓe ba su ɗaga bugun zuciya na tsawon lokacin da ake buƙata. Abin da ake so shi ne motsi mai ɗorewa, mai farko da ƙarshe.

Mataki na biyar: zaɓen wasa

Wasan da ya fi shi ne wanda yaron zai yarda ya sake yi gobe. Bayan wannan, a nemi wanda ya haɗa abu biyu: yana sa haki, yana kuma tilasta wa yaro ya bi ƙa'ida, ya jira, ya tsaya idan an ce tsaya.

Wasanninmu na dandali da yawa sun cika wannan sharaɗi, ba sai an sayi komai ba. Langa tana buƙatar daidaita jiki a kan ƙafa ɗaya, lura da abokin karawa, da tuna inda ake nufa. 'Yar gala-gala tana koyar da jiran layi da kiyaye zane. Gaɗa tana haɗa tafi da waƙa da taku, kuma wadda hankalinta ya tafi nan take za a gane. Tsallen igiya, gare-gare, tsere da keke duk suna aiki. Za a iya ƙirƙirar wasan "gudu, tsaya": ku ce "gudu" ya sheƙa, ku ce "tsaya" ya daskare. Idan ya ƙware sai a juya ma'anar, "tsaya" ta zama gudu, "gudu" ta zama tsayawa. Wasa ne na dariya, amma abin da yake horarwa shi ne ainihin abin da ke ba yaron wahala, wato danne jiki bayan ya riga ya ɗauki hanya.

Karate da takwando suna karɓar yara da yawa masu wannan lalura, saboda komai a jere yake: gaisuwa, tsayuwa, taku, maimaitawa, ga kuma ɗamara da ke nuna ci gaba. Kokawa ma haka, idan akwai babba mai kula. Dambe da duk wasan da ake dukan kai a bar su.

Ƙwallon ƙafa fa? Shi yawancin yara maza za su zaɓa, kuma ba laifi. Sai dai a fili babba mai 'yan wasa goma sha ɗaya-ɗaya yaro yakan daɗe ƙwallo ba ta zo wurinsa ba, hankalinsa ya tafi, a ci su, abokai su yi masa ca. Uku da uku ko biyar da biyar a ƙaramin fili ya fi masa. Kada a sa shi gola, tsayuwar ta yi yawa. Ku sani kuma yara da dama masu ADHD suna da ɗan rauni wajen sarrafa gaɓoɓi: cafe ƙwallo, ɗaure igiyar takalmi, rubutu mai kyau. Irin wannan yaro idan aka jefa shi cikin gasa tun farko, dariyar abokai za ta sa ya tsani wasan baki ɗaya. A fara masa da abin da zai yi shi kaɗai ko da mutum ɗaya.

Ana yawan kawo misalin Michael Phelps, ɗan ninkayar Amurka da aka gano yana da ADHD yana ɗan shekara tara, ya kuma tara lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki na zinare. Misali ne mai ƙarfafa gwiwa, amma kada ya sa ku fara neman zakara. Yaron da ya iya zama ya gama jingarsa ba tare da kuka ba shi ne abin da ake nema. Ninkaya kuma a wurin da aka tanada ake yi, da mai kula a tsaye. Kududdufi da kogi da dam akwai nutsewa, akwai tsargiya.

'Yan mata su ne aka fi mantawa. Da yarinya ta fara tasawa sai a ce ta daina tsalle-tsalle, a tsare ta da wanke-wanke da raino. Aikin gida motsi ne, amma ba kasafai yake kai wa haki ba. Igiya da gaɗa da 'yar gala-gala duk ana yin su a cikin gida, tare da ƙawaye ko 'yan uwa.

Idan akwai wuri mai bishiyoyi kusa, lambu ko gona ko filin makaranta mai inuwa, a fifita shi. Wani ƙaramin bincike da Andrea Faber Taylor da Frances Kuo na Jami'ar Illinois suka wallafa a 2009, da yara 17 masu ADHD, ya nuna sun fi tattara hankali bayan tafiyar minti 20 a wurin shaƙatawa mai itatuwa fiye da irin wannan tafiya a tsakiyar gari. Yara 17 ba su da yawa, amma gwadawa ba ta da asara.

Mataki na shida: yadda ake tafiyar da wasan

Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Ku kira sunansa, ya dube ku, ku faɗi abu a gajarce, ku nuna masa da jikinku. Yabo ya zo nan take kuma ya ambaci abin da ya yi: "Madalla, da na ce tsaya ka tsaya." Ku sanar da shi kafin a tashi: "Saura zagaye biyu mu shiga gida." Yanke wasa ba zato shi ke kawo birgima a ƙasa.

Ƙarshen wasan yana da muhimmanci kamar farkonsa. Minti uku zuwa biyar na tafiya a hankali, miƙa, da jan numfashi mai tsawo, sannan ruwa. Yaron da aka ɗauko daga tsakiyar gudu aka dangwarar gaban littafi jikinsa bai sauka ba tukuna.

Lokacin ya zama ɗaya kullum har ya zama jiki. Idan ya gundura, a canza wasan, a bar lokacin yadda yake. Kuma ya fi ɗorewa idan uba ko wa ko ya suna yi tare da shi. Yaron da aka ce "je ka yi gudu" shi kaɗai, a kwana na uku zai fara kawo uzuri.

Mataki na bakwai: a je makaranta a yi magana

Horon da aka fi yi wa yaro mai ƙiriniya shi ne a hana shi fita tara, ya zauna a aji yana kallon 'yan uwansa ta taga. Ga mai ADHD wannan ƙara wa wuta fetur ne, kuma malamin da zai shiga bayan tara shi zai sha wahalar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2013 cewa bai kamata a riƙa hana yara hutun wasa a matsayin horo ba. Ku samu malamin ajin a keɓe, cikin girmamawa: "Malam, likita ya duba shi, ga abin da aka ce. Don Allah in ya yi laifi a yi masa wani horon, amma a bar shi ya fita tara. In kun ga ya fara mutsu-mutsu, a aike shi ya goge allo, ko ya raba littattafai, ko ya kai saƙo ofis." Malamin da ke fama da ɗalibai saba'in ko ɗari ba zai iya tsara wa yaro ɗaya shiri na musamman ba, amma waɗannan ƙananan abubuwa ba za su gagare shi ba. A roƙi kuma a zaunar da shi a gaba, nesa da taga da ƙofa.

Ɗaya gefen kuma: tsallen kwaɗo, kamun kunne, zagaye fili a rana don an yi laifi. Waɗannan suna koya wa yaro cewa motsa jiki azaba ne, alhali shi ne abin da ake so ya riƙe har girma. A gida ma haka: kada wasan ya zama lada da ake janyewa ranar da ya yi rashin ji. Ranar ce ya fi buƙatarsa.

Mataki na takwas: kariya

Yara masu ADHD sun fi sauran yara yawan jin rauni, domin sukan faɗa titi bin ƙwallo ba tare da dubawa ba. Filin wasa ya yi nesa da hanyar mota, da rijiya marar murfi, da kwata. A bazara, a yi wasa da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa a kusa. A hunturu ƙura tana tayar da asma. Mai ita ya riƙe abin shaƙarsa, ranar da hazo ya yi yawa a yi wasan a ɗaki. Mai sikila yana iya wasa, amma a hankali, da hutu akai-akai da ruwa mai yawa, ban da wanka da ruwan sanyi bayan gumi, kuma da ya ce ya gaji a tsaya. Idan yaro ya kai munzalin azumi, motsi mai ƙarfi ya koma bayan shan ruwa.

Wanda ke shan magani, ku sani irin su Ritalin suna rage cin abinci, suna ɗan ƙara bugun zuciya, wani lokaci suna jinkirta barci. A tabbatar ya karya kumallo sosai kafin ya sha, a ba shi abin taɓawa bayan wasa. Kada a rage ko a daina magani don an ga sauƙi sai da izinin likita. Ciwon ƙirji, jiri, suma ko bugun zuciya da ya ƙi sauka, a tsayar da wasa a tafi asibiti.

Barci kuma: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar sa'a 9 zuwa 12. Wasan rana yana taimaka wa barcin dare, amma wasu yaran guje-guje bayan isha'i yana wartsakar da su. Idan naku haka yake, wasa mai ƙarfi ya ƙare kafin magariba.

Mataki na tara: a duba littafin

Bayan mako shida zuwa takwas a ɗauko littafin nan na mataki na biyu a gwada da yanzu. Jingar da ke cin sa'a biyu ta ragu? Ƙorafin malam ya yi sauƙi? Rigimar safe fa? Ku tambayi malaman da ba su san kun canza komai ba, amsarsu ta fi zama ma'auni. Inda aka ga canji a riƙe. Inda ba a gani ba, a matsar da lokacin motsin kusa da lokacin zaman, ko a ƙara masa ƙarfi, ko a canza wasa, abu ɗaya a lokaci ɗaya don a san wanne ya yi aiki. Idan duk da haka karatu na ci gaba da lalacewa, ko yaron ya fara cewa shi daƙiƙi ne ba wanda ke son sa, ko yana jefa kansa cikin haɗari, a koma wurin likita da littafin a hannu, a tattauna batun horar da iyaye, tallafin makaranta, da magani.